Ba nauyin GST ne ya kore ka daga aji ba

*Assalamu alaikum Kawu. Ni yaro ne ɗan shekara 18. Bara na gama sakandare, Allah ya taimake ni na samu gurbin karatun injiniyan lantarki a wata jami'ar tarayya, yanzu ina aji ɗaya, zango na farko. Kwasa-kwasan sun yi min yawa: ga lissafi, ga fiziks, ga kemistiri, ga firaktikal biyu da rubuta rahotonsu duk mako. A kan wannan kuma aka ɗora mana darussan gama-gari da ake kira General Studies, GST a taƙaice: yanzu GST 111, wato Turanci, zango mai zuwa an ce akwai GST 112 na al'adun Nijeriya. Ƙarfe bakwai na safe ake laccar, a ɗakin da mun fi dubu, in ba ka yi sammako ba sai dai ka tsaya a taga. Sau uku na je. A na ukun malamar ta nuna ni ta ce in karanta wani sakin layi, na karanta, aji ya kwashe da dariya, har yau wasu da kalmar da na faɗa ba daidai ba suke kirana. To dama yayyenmu 'yan aji uku sun ce GST ba abin karantawa ba ne, ana saura kwana uku jarrabawa ka nemi tsofaffin tambayoyi ka haddace, shi ke nan. Wani ɗan ɗakinmu ma ya ce a Ingila an soke irin wannan darasin don ba shi da amfani. Sai na daina zuwa, abokina ke sa min hannu a takardar halarta. Makon jiya aka yi tes na maki 20 ban sani ba. Yanzu saura mako shida jarrabawa. Buhunan masara babana ya sayar ya biya min rijista, kuma bai san komai ba. Kawu, don Allah gaya min gaskiya, wannan darasin yana da wani amfani ga injiniya? Lokaci nawa ya kamata in ba shi? Ko in ƙyale shi kawai in maimaita baɗi in na samu sarari?*

*Ɗanka, daga Saminaka*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka, ya saka wa mahaifinka da alheri.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Karo na farko na ɗauka kukan nauyin karatu kake yi, irin wanda duk sabon ɗalibi ke yi. Karo na biyu sai na tsaya a kan kalmomi huɗu: sau uku na je. Ranar farko da ƙarfe bakwai aka yi laccar, ka je. Rana ta biyu ɗakin a cike yake maƙil, ka je. Lissafi da fiziks da rahoton firaktikal duk suna nan a waɗannan makonnin, ba su hana ka ba. Maganar yayyenku ma ka ce "dama", wato ka ji ta tun da farko ka kuma ci gaba da zuwa. Ba ka karɓe ta ba sai da aka yi maka dariya. To kada ka ruɗi kanka, ni ma ba zan taya ka ba. Dariyar nan ce ta fitar da kai, sauran duk dalilai ne da ka tattaro daga baya don zuciyarka ta kwanta.

Zan dawo kan dariyar. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, tunda kai mutumin lissafi ne.

Ɗauko fom ɗin rijistarka ka duba yunit nawa, wato nauyin da aka ba kwas, aka rubuta gaban GST 111. Biyu. Yanzu duba gaban lissafinka da fiziks ɗinka, za ka ga biyu ne ko uku. Firaktikal ɗin da ke cinye maka yamma guda, ɗaya. Kwamfutar da ke haɗa sakamako ba ta san babban kwas da ƙarami ba, yunit take gani ta ninka da maki. A ya kan ba da 5, B 4, C 3, D 2, F kuma sifili. Mu ɗauka kana da yunit 18 a wannan zangon, 16 na kimiyya, 2 na GST. Ka yi ƙoƙari ka samu B a yunit 12, C a yunit 4, ka tara 60 ke nan. In ka ci A a GST ka ƙara 10, 70 a raba 18, ka tashi da 3.89. In B ka samu, 3.78. In kuwa ka faɗi, 60 ɗin nan ce za a raba 18, ka tashi da 3.33. Layin da ya raba digiri mai daraja ta biyu na sama da na ƙasa yana kan 3.50. Dare nawa ka raba kana fama da lissafi, amma kwas ɗin da ba ka ko leƙa ba shi ya yanke maka gefen da za ka faɗa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Batun a bar shi sai baɗi kuwa, cire shi daga ranka yau ɗin nan. A yawancin jami'o'inmu sifilin nan ba ya gogewa don ka sake rubutawa ka ci, yana nan cikin lissafinka har ka fita. Sannan wa ya ce maka akwai sarari a aji biyu? A injiniyanci aji biyu ne ake fara karatun gaske, kuma akwai iyakar yunit da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, galibi 24. Kwas ɗin da ka faɗi shi za a fara rubuta maka kafin sababbi. Laccarsa za ta yi karo da ta ajinku, wani lokaci har jarrabawar ta faɗo rana ɗaya, ka koma kana bin ofis-ofis kana roƙo. Kuma ɗakin nan dai da ka guda, shi za ka koma, sai dai wannan karon a tsakiyar ƙannenka.

Na ga wannan da idona. A zamaninmu akwai ɗan ɗakinmu da duk sashen ke zuwa wurinsa a warware musu lissafi. Akwai wani ɗan kwas na koyon amfani da laburare, yunit ɗaya tal, ya faɗi a aji ɗaya don ya yi barci ranar jarrabawar. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Ranar da aka kafe sakamakon ƙarshe a allon sanarwa, muna ta turereniya, kowa na bin lambarsa da yatsa, sai muka ga tasa da ɗan tauraro na jan biro a gefe. Makinsa ya fi na kowa a jerin, amma ba ya cikin waɗanda majalisar jami'a za ta amince sun kammala. Muka tafi sansanin bautar ƙasa, shi ya koma gida ya zauna, ya dawo ya sake biyan rijistar shekara guda cur saboda jarrabawar awa ɗaya. Abin da ya fi ba shi ciwo, in ji shi, ba kuɗin ba ne, tambayar da tsofaffin unguwa ke yi masa ce kullum a ƙofar masallaci: yaushe za a sa kakin?

To yanzu ina ka tsaya? In tsarin makarantarku irin na yawanci ne, maki 30 na aikin zango, 70 na jarrabawa. Ashirin sun tafi, amma tamanin na nan. In ka samu 7 cikin goman da ta rage, kana buƙatar 43 a jarrabawa ka samu C, 53 ka samu B. Wannan ba abin a zo a gani ba ne ga yaron da ya ci JAMB har ya shiga injiniyanci. Ban da haka, ka je wurin malamar ko mai kula da kwas ɗin cikin makon nan ka tambaya ko za a yi tes na waɗanda suka rasa. A aji mai mutum dubu da wuya a ce kai kaɗai ne. Ka faɗi gaskiya: ban zo ba, laifina ne, ina neman alfarma. Kada ka yarda wani ya kai ka inda ake buga takardar asibiti ta ƙarya. In aka ƙi, an ƙi, ka yi godiya ka fita. In aka kama ka da takardar bogi kuwa, maganar ta tashi daga maki 20 ta koma gaban kwamitin ladabtarwa.

Haka ma abokin nan mai sa maka hannu. Ka gode masa, ka ce ya daina daga yau. Yawancin jami'o'i na da dokar sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin ya zauna jarrabawa, na san tsoron da ya sa kuka yi haka ke nan. Amma ranar da malama ta ga dama ta kira suna daga takardar, ku biyu za ku kwana a ciki, shi da bai ci ba bai sha ba. Kuma ka lura da irin abotar: ya iya sa maka hannu, bai iya gaya maka an sa ranar tes ba.

Mu koma kan dariyar. Ba ka faɗi kalmar ba, amma ina da yaƙinin akwai p a cikinta, ko v, ko th. Ba wauta ba ce, ba kuma ƙauyanci ba. Hausa ba ta da waɗannan sautukan. Hatta f ɗinmu ba irin ta Bature ba ce, mu da leɓɓa biyu muke hura ta, shi ya sa a bakin Basakkwace take komawa h, ka ji ya ce hwari maimakon fari. Bature kuwa haƙoran sama yake ɗorawa a leɓen ƙasa ya yi f, ya rufe leɓɓa ruf ya sake su da ƙarfi ya yi p. Kunnen da ya tashi da Hausa yana jin su kamar abu ɗaya, sai an nuna masa. Ɗauki 'yar takarda ka riƙe gaban bakinka. In ka yi p daidai za ta yi tsalle sau ɗaya, in f ce za ta kwanta a hankali. Minti biyar kullum, mako biyu, bakinka zai gane. Waɗanda suka yi maka dariyar ma kowa da inda harshen uwarsa ke kama shi. Wani h ce ke ɓace masa a farkon kalma, wani l da r ke rikice masa, wani ba zai iya furta ƙ ko ɗ ba ko zai shekara a Kano. Bambancin kawai, ranar kai aka tayar.

Abin da zai ba ka haushi kuwa, babin farko na manhajar GST 111 shi ne sautukan Turanci, baƙaƙe da wasula da yadda ake furta su. Wato maganin ciwon naka na cikin ɗakin da ka guda. Malamar da ta tashe ka aikinta ta yi, ko da yake da ni ne ita da na tsawatar wa ajin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a yi maka dariya yanzu kana ɗan shekara 18 a gaban yara sa'anninka da za su manta kafin hutu, da a yi maka shiru irin na tausayi kana ɗan shekara 28 a gaban masu ɗaukar aiki. Wannan shirun na sha ganinsa, ya fi dariya zafi.

Sunan tsokanar kuma, dabara ɗaya na sani: amsa shi. In an kira ka, ka ce na'am, ka maimaita kalmar daidai, ka yi murmushi ka wuce. Tsokana abincinta fushi, in ba ta samu ba ba ta daɗewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba da Turanci aka yi masa reno ba, a makaranta ya koya, a Bauci da Kwalejin Katsina. Shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya, ya yi jawabi da muryar da har yau ake kira ta zinare.

Yanzu tambayarka ta gaskiya, ko yana da amfani ga injiniya. Ba zan yi maka wa'azin cewa duk ilimi mai amfani ne ba, ka sha jinsa. Kwasa-kwasan GST ba daraja ɗaya gare su ba, kuma yadda ake koyar da su a wurare da yawa abin takaici ne. Mutum dubu a ɗaki ɗaya, lasifika na ƙara, na baya na cin gyaɗa. Darasin da aka ce na koyon rubutu ne, amma jarrabawarsa zaɓi A ko B ko C ko D a kwamfuta, ɗalibi ya ci A bai taɓa rubuta shafi guda wani ya gyara masa ba. Wani wurin kuma sai ka sayi littafin malami kafin a karɓi aikinka. Na kasuwanci da za ku yi nan gaba, sau da yawa a allo ake haɗa sabulun, ɗan da ya tashi a kasuwar hatsi ta garinku ya fi littafin sanin riba da faɗuwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma daga nan raini ya samo asali. Yayyenku ba ƙarya zalla suka yi ba.

Sai dai na Turancin nan daban yake, kuma kai ka fi kowa buƙatarsa. Rahoton firaktikal da kake kuka da shi, da wane harshe kake rubuta shi? Tambayar fiziks mai layi biyar da ɗalibi ke faɗuwa ba don bai iya lissafin ba, sai don bai gane me ake nema ba, fa? A aji huɗu za ka tafi koyon aiki na wata shida, SIWES, kullum sai ka cike littafin abin da ka yi, ka dawo ka rubuta rahoto ka tsaya ka kare shi. A aji biyar ga kundin kammalawa babi biyar, ga malamin da za a gayyato daga wata jami'a ya zauna yana jefo maka tambaya kana tsaye. Bayan ka fita, kafin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan, ta yi maka rijista ka amsa sunan injiniya a hukumance, sai ka rubuta bayanin ayyukan da ka yi. Babu inda za a ce zaɓi A ko B.

Bari in kawo maka shi kusa. Ka samu aiki a wata masana'anta. Ka auna ka ga taransifomarsu na ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta, mai na zafi, in ba a rage lodi ko an sauya ta ba za ta ƙone kafin damina. Kai ka sani sarai. Amma wanda zai sa hannu a fitar da kuɗin akanta ne, bai san amfiya ba, bai san kilowat ba, kuma takarda arba'in ce a teburinsa. Kana da rabin shafi ka fahimtar da shi abin da zai faru, da yaushe, da nawa za a kashe yau, da nawa za a yi asara in an bari. In ka iya, an sayi taransifoma, an san da zamanka. In ba ka iya ba, ranar da ta ƙone manaja zai kira ka ya ce me ya sa ba ka faɗa ba. Ka ce na faɗa. Ya ce a ina ka rubuta? Na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba, na ga yara masu sakamako mai kyau da takardar neman aikinsu ta kashe su tun kafin su shigo ɗakin. Na kuma ga masu matsakaicin sakamako da suka wuce don sun iya bayyana abin da suka sani cikin jimla uku. Ba adalci ba ne ƙwarai, amma haka abin yake.

Na zango mai zuwa, GST 112, ba zan ce zai ciyar da kai kamar na Turanci ba. In aka samu malamin da bai damu ba, haddar shekaru ce kawai: haɗe Kudu da Arewa 1914, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo 1976, yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon 1984, shirin wayar da kan jama'a na Babangida, MAMSER, 1987. Ka haddace, ka zuba, ka manta. Amma ka tuna kai ɗan ajin kimiyya ne, ba ka yi tarihi ko gwamnati a babbar sakandare ba, kuma an yi shekaru da aka cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a dawo da shi. Mai yiwuwa wannan ne karo na ƙarshe a rayuwarka da wani zai zaunar da kai ya ba ka labarin ƙasar da kake ciki. Ka san garin Nok, wanda gumakan yumɓunsa masu shekara sama da dubu biyu ke gidajen tarihi na duniya, jiharku ɗaya, yana ƙaramar hukumar Jaba? Ka san mutanen wancan zamanin suna narka ƙarfe? Kai da za ka zama injiniya, waɗannan ai kakannin sana'a ne. Ka san Kwararrafa sun taɓa kawo yaƙi har cikin birnin Kano? Kuramawan da kuke cin kasuwa ɗaya da su, me ka sani game da su ban da gaisuwa? Wata rana takardar bautar ƙasa za ta jefa ka Ebonyi ko Bayelsa ko Ekiti, tsarin da Gowon ya kafa a 1973 don ainihin wannan dalilin, ka sauka a tasha da jakarka. Ɗan abin da ka riƙe game da mutanen wurin shi zai hana ka yin katoɓara a makon farko.

Shi kuma ɗan ɗakinku mai labarin Ingila, ya ji ƙishin-ƙishin ne bai ji ƙarshen zance ba. Gaskiya ne suna da wani darasi mai irin wannan suna da 'yan shekarar ƙarshe ta sakandare ke rubutawa, kuma gaskiya ne an soke shi daga 2017. Amma ka sani, tun kafin a soke shi, jami'o'insu da yawa ba sa lissafa makinsa wajen ba da gurbi, ka ci ko ka faɗi duk ɗaya. Naka kuwa na nuna maka yadda yake shiga lissafi. Sannan yaron Landan da Turanci ya buɗe baki, ba ya buƙatar a koya masa p. Kwatanta kanka da shi a wannan fannin kamar ɗan Agadas ne ya ce ba zai koyi iyo ba don 'yan Yawuri ba sa zuwa makarantar iyo.

Mu namu tsarin ba daga Ingila ma ya zo ba. Jami'ar Nsukka ce ta fara shi bayan buɗe ta a 1960. Azikiwe a Amurka ya yi karatu, ya kuma jawo Jami'ar Jihar Michigan ta taya shi tsara makarantar, a can kuwa al'adarsu ce ɗalibin kimiyya ya ɗanɗani adabi da tarihi, na adabi ya ɗanɗani kimiyya. Daga baya hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta mai da shi wajibi ga kowa. Kukan yawa da kake yi ma an riga an ji shi. A sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta ce ta rage waɗannan kwasa-kwasan daga yunit 36 zuwa 12: Turanci, al'adun Nijeriya, falsafa da mantiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai biyu na kasuwanci. Digirin injiniya na shekara biyar ba ya gaza yunit 150. Kashi takwas cikin ɗari ke nan. Jami'arku na iya ƙara nata ɗaya ko biyu, amma ko ta ƙara, ba shi ne kayan da ya danne maka wuya ba.

Lokaci nawa za ka ba shi? Da tun farko ka bi shi, awa biyu na lacca da awa ɗaya ko biyu naka a mako sun wadatar. Yanzu da ka yi baya, ka ba shi kamar awa biyar zuwa shida a mako har jarrabawa. Ba a dunƙule ba. Laccar dai dole, ka yi sallar asuba ka wuce, ka zauna a layi na uku ko na huɗu inda ake jin malama, masu dariyar ma yawanci a baya suke taruwa. Ka ari littafin wanda ke rubutu da kyau, yawanci za ka samu a wurin 'yan matan layin gaba, ka kwafe abin da ya wuce ka da hannunka, kada ka ɗauke shi hoto a waya ka ce ka karanta. Kullum minti ashirin ko talatin, ka samu inda ba kowa, bayan masallaci ko ƙarƙashin wata bishiya, ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi kana jin muryarka. Jarida ma ta yi, littafin fiziks ɗinka ma ya yi, ka jefi tsuntsu biyu. Ranar Asabar awa ɗaya ta tsofaffin tambayoyi.

E, tsofaffin tambayoyin suna da amfani, ban hana ka ba. Amma sikeli ne, ba abinci ba, da su ake auna abin da aka ci. Ka kuma yi hattara da waɗanda ake sayarwa a shagon hoto da amsoshi a zagaye. Ɗalibi ne irinka ya zagaye su, ba malami ba, na sha ganin amsar kuskure ta bi hannu shekara da shekaru kowa na haddace ta. Wasu kuma na tsohuwar manhaja ne. Su yayyen naku da suka ce kwana uku ya isa, waɗanda dabarar ta yi wa aiki ne ke yawo suna faɗa. Waɗanda ta kayar suna nan a bayan ɗakin laccarku da hula a ja har gira, ba za su zo ɗakinku su ba ka labari ba. Kuma ko ta yi aiki a kwas ɗin haddar shekaru, harshe ba ya shiga a kwana uku. Tambayi babanka ko ana tara takin farko da na biyu a zuba wa masara bayan ta yi goyo.

Da na ambaci babanka, ga abin da nake gani. Ba sai ka ɗaga masa hankali da lissafin maki 20 ba, abu ne da za ka iya gyarawa kafin ya zama labari. Amma ka kira shi ranar Juma'a ka gaishe shi, ka ce masa Turanci na ba ka wuya, kana kuma fama da shi, ya sa ka a addu'a. Gaskiya ce, ba ka ɓoye masa ainihin abin ba, kuma in sakamako ya fito da rauni ba zai zo masa bagatatan ba. In ya fito da kyau kuwa, ya san da addu'arsa a ciki.

Abu na ƙarshe. Wasiƙar nan da ka rubuto min tsaf take. Ka jero matsalar daki-daki, ka kawo adadi inda ake buƙata, ka rufe da tambaya uku a fili. Wanda ya iya wannan da Hausa ya riga ya iya rabin abin da GST 111 ke son koya masa, saura kawai ya zuba shi a wani mazubin. Don haka ga aikin gida daga Kawu. Ka zauna daren yau ka rubuta wa malamar takardar neman a ba ka damar rubuta tes ɗin, da Turanci, kada ta wuce rabin shafi. Sunanka da lambarka da sashenka a sama, abin da ya faru a jimla biyu, abin da kake roƙo a jimla ɗaya. Ka ba wani da ka yarda da Turancinsa ya duba, ka sake kwafe ta da kyau. Ranar Litinin ka kai mata da hannunka, kada ka ba shugaban aji, kuma in ta tambaye ka dalilin da ya sa ka daina zuwa, ka gaya mata maganar dariyar.